Daga Rediyon Batir Zuwa Gidan Kallo: Mafara, Bakura da Maradun a Bayan Super Eagles

Minti biyu kacal da take wasa a filin Surulere na Legas, ranar Asabar 22 ga Maris, 1980, Segun Odegbami ya jefa ƙwallo a ragar Aljeriya. Kafin hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu, da aka dawo Muda Lawal ya cike ta uku. Da haka Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a karon farko, kuma wanda ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin shi ne Shugaba Shehu Shagari. Bai tsaya nan ba, ya raba wa ’yan wasan gidaje a unguwar Festac da motoci ƙirar Peugeot.

A wancan lokaci Talata Mafara da Bakura da Maradun duk suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, saboda haka mutumin da ya miƙa kofin ɗan jiharsu ne. Talabijin kuwa sai gidan wane da wane. Yawancin waɗanda suka bi wasan a wannan yanki da kunne suka bi shi, an kewaye akwatin rediyo a majalisa ko a gindin tebur, wanda ya ɗan yi boko yana fassara wa sauran abin da mai sharhi yake faɗa.

Sai dai manoman yankin suna da abin da ya fi ƙwallo damun su a wannan bazara. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ta cinye gonaki da gidaje, kuma rigimar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manoma suka riƙa tare hanyoyin shiga aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, mako biyar bayan bikin Legas, ’yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Har yau adadin waɗanda suka mutu abin gardama ne tsakanin abin da hukuma ta faɗa da abin da mutanen ƙauyukan suke faɗa. Gwamnatin da ta raba gidaje don an ci ƙwallo uku, ita ce ke mulki lokacin da aka harbi masu neman diyyar gonakinsu.

Haka tarihin ƙungiyar ƙasa ya riƙa zuwa wa wannan yanki tun daga lokacin. Murnar takan iso, takaicin ma yakan iso, amma kusan kullum sukan tarar da wani al’amari na gida a zaune.

Kamaru, sai kuma Kamaru

Shekarun 1980 sun koya wa mai bin Najeriya haƙuri. A 1984 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, Kamaru ta doke ta 3-1. A 1988 ta sake kaiwa a Kasablanka ta Maroko, Kamarun ta sake doke ta da ci ɗaya na fenareti. A shekarar ne aka sauya wa ƙungiyar suna daga Green Eagles zuwa Super Eagles, amma sauyin suna bai hana Aljeriya rama abin da aka yi mata ba: a 1990, a gidanta, ta lallasa Najeriya 5-1 a wasan farko, sannan suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe ta ci 1-0. Wasan ƙarshe uku cikin shekara shida, ba kofi ko ɗaya.

Abin da ya riƙe zukata a tsakanin nan yara ne. A 1985 ’yan ƙasa da shekara 16 suka je Sin suka doke Jamus ta Yamma 2-0, suka dawo da kofin duniya na farko da FIFA ta shirya wa wannan rukuni. A 1989 kuma, a birnin Dammam na Saudiyya, ’yan ƙasa da shekara 20 suka farke ci huɗu da Tarayyar Sobiyat ta yi musu, suka fitar da ita a bugun fenareti. Wanda ya kashe rediyonsa da aka kai 4-0, da safe ya ji labari a bakin mutane ya ƙi yarda.

1994

Duk wanda ya haura shekara arba’in a Mafara, in aka tambaye shi wace ce ƙungiyar Najeriya ta gaske, da wuya ya wuce ta 1994. Kuma yana da hujja. Koci Clemens Westerhof, mutumin Holan, ya shekara biyar yana gina ta, abin da ba kasafai ake barin wani koci ya yi a Najeriya ba. A Afrilun shekarar suka ɗauki Kofin Afirka a Tunis bayan sun doke Zambiya 2-1, Emmanuel Amuneke ne ya ci duka biyun. Rabin Afirka Zambiya take goya wa baya a ranar, domin shekara guda kafin nan jirgin da ke ɗauke da ’yan wasanta ya faɗa teku kusa da Gabon, ba wanda ya tsira. Rashidi Yekini ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda biyar, kuma a watan ne FIFA ta sa Najeriya a matsayi na biyar a duniya.

Ga ɗan Arewa akwai ƙarin abin da ya sa ƙungiyar ta shiga rai. Yekini a Kaduna aka haife shi. Daniel Amokachi ɗan Kaduna ne, a Ranchers Bees ya yi suna, kuma Hausa a bakinsa take. Idan aka ambace su a rediyo, ba baƙi ake ambata ba.

Daga nan sai Amurka, Kofin Duniya na farko da Najeriya ta taɓa zuwa. Wasan farko da Bulgeriya a Dallas ya faɗo ne da tsakar dare a agogon Najeriya, cikin damina, lokacin da manomi yake bukatar barcinsa. Duk da haka an taru a inda ake da talabijin da wuta. Finidi George ya gangaro ta dama ya miƙa wa Yekini, Yekini ya tura ta raga, sannan ya bi ta ya kama ragar da hannu biyu yana jijjigawa yana kuka yana ihu. Amokachi da Amuneke suka ƙara, aka tashi 3-0. Ajantina ta ci 2-1 a wasan da ya zama na ƙarshe ga Maradona a rigar ƙasarsa, Najeriya ta huce a kan Girka da 2-0, ta fito ta ɗaya a rukuni.

Sai ranar 5 ga Yuli, da Italiya. Wannan karon da yamma ne, kowa ya gani. Amuneke ya ci tun kafin hutun rabin lokaci. Alƙalin wasa ya ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci kuma ya ci fenareti. Ƙungiyar da ke gaba da ci ɗaya, ga rinjayen mutum guda, ta kasa riƙe ƙwallo na minti biyu. Bulgeriyar da aka ci uku ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Italiya ta kai wasan ƙarshe. Wannan lissafi ne ya sa har yau ciwon bai warke ba.

A gida kuwa ƙasar tana cikin rikicin soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin shekarar da ta gabata. An kama Abiola, ɗan takarar da ya ce shi ya ci zaɓen, ana tsakar gasar, ma’aikatan mai suka shiga yajin aiki, layin mai ya miƙe a gidajen mai daga Legas har hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi wa ’yan wasan alkawarin gidaje saboda kofin Tunis. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a cika wa waɗanda suka rage alkawarin. Yekini ya riga ya rasu tun 2012, kyaftinsu Stephen Keshi tun 2016.

Zinare da sabuwar jiha

Abin takaicin wannan ƙungiya shi ne siyasa ta cinye mata shekarun ƙarfinta. Bayan rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995, Nelson Mandela ya fito ya soki gwamnatin Abacha, ita kuma ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu a 1996. Hukumar CAF ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998. Ƙungiyar da ta fi kowace a nahiyar ta zauna a gida gasa biyu a jere.

Abin da ya rage musu shi ne Olamfik ta Atlanta, kuma nan suka juye fushinsu. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil mai Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos tana gaba da 3-1, saura ƙasa da kwata a tashi. Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, sannan ya ci ƙwallon zinare da ta kashe wasan. Dare ya riga ya raba a Najeriya. Ranar 3 ga Agusta suka doke Ajantina 3-2, Celestine Babayaro da Amokachi da Amuneke suka ci. Biyu daga cikin ukun ’yan Kaduna ne, ga kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal a tawagar. Wannan ce lambar zinare ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a ƙwallon ƙafa na Olamfik.

Wata biyu bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, 1996, Abacha ya sanar da kafa Jihar Zamfara. Dattawan yankin sun daɗe suna neman wannan rana, samari kuma ba su gama murnar Atlanta ba. Da wuya a sami wata shekara da ta haɗa wa mutanen Mafara da Bakura da Maradun farin ciki biyu irin waɗannan.

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998. Kwana biyar bayan nan Super Eagles suka fito filin Nantes na Faransa don karawa da Sifaniya a Kofin Duniya. Sau biyu Sifaniya tana shiga gaba. Mutiu Adepoju ya farke ta farko da ka, Garba Lawal ya bugo wata daga gefen hagu wadda mai tsaron raga Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa, sannan Sunday Oliseh ya ɗirka ta uku daga nesa. Bayan an ci Bulgeriya 1-0, sai baki ya yi yawa. Ana ta lissafin yadda za a sake haɗuwa da Brazil, an manta akwai Denmak a tsakani. Cikin minti goma sha biyu Denmak ta ci biyu, aka tashi 4-1. Babangida ne ya ci ɗayar da ta rage kunya.

Zamanin gidan kallo

Shekarar 2000 ta zo da sabon yanayi. A Zamfara, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari’ar Musulunci wadda ta fara aiki a watan Janairu, idon duniya ya juyo kan jihar. A watan ne kuma aka buɗe Kofin Afirka da Najeriya da Ghana suka karɓi baƙunci tare, Kano tana cikin biranen da aka buga wasanni. Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ƙarshe a Legas, Kamaru ta shiga gaba da biyu, Najeriya ta farke da taimakon wata ƙwallon Jay-Jay Okocha daga nesa, aka je fenareti. Ta Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗo bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Hoton talabijin ya nuna ta shiga. Kamaru ta ɗauki kofi a kan Najeriya karo na uku.

A cikin shekarun da suka biyo baya ne kallon ƙwallo ya sauya kama a garuruwan Arewa. Tauraron ɗan’adam ya yi sauƙi, ƙaramin janareto ya shigo kasuwa, sai ga rumfunan kwano da bencina da allon da ake rubuta wasannin rana da alli a ƙofa. Mafara, da yake tana kan babbar hanya, ga kasuwarta ta Talata, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ba ta rasa masu cika bencinan ba. Bakura ma tana da ɗaliban kwalejin aikin gona. Sai dai abin da gidan kallo ya kawo ba Super Eagles ba ne, Turai ce. Saurayin da bai taɓa zuwa Kaduna ba ya zama ɗan Arsenal saboda Kanu, ko ɗan Chelsea saboda Mikel Obi, daga baya kuma aka rabu gida biyu tsakanin Madrid da Barcelona. Kowane mako akwai wasa, akwai gardama, akwai zolaya. Ƙungiyar ƙasa ta koma baƙuwar da ke leƙowa lokaci-lokaci, kuma ana auna ta da ma’aunin abin da ido ya saba gani a ƙarshen mako.

Ita ma ba ta taimaki kanta ba. A Kofin Duniya na 2002 an kalli wasanta da Ajantina da sassafe, jim kaɗan bayan sallar Asuba, Batistuta ya ci, aka fita gona da ɓacin rai. Ta dawo daga Japan da maki ɗaya. Gurbin 2006 kuwa a Kano ya fara suɓucewa, a Yunin 2005, lokacin da Angola ta riƙe ta 1-1 a filin Sani Abacha cikin zafin rana. A Kofin Afirka ta zo ta uku a 2002 da 2004 da 2006 da 2010, har masu zolaya suka ce tagulla ta zama gadonta.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa a nan, domin shi ne cutar da ta fi kowace daɗewa. Shu’aibu Amodu ne ya samo wa Najeriya gurbin Kofin Duniya na 2002, aka sallame shi kafin gasar. Shi ne kuma ya samo na 2010, aka sake sallamar sa watanni kaɗan kafin a fara, aka ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin wanda bai san ’yan wasan ba. Wanda ya yi noma daban, wanda ya shiga rumbu daban. Duk gasar biyun ba a ci wasa ko ɗaya ba.

Gasar 2010 ta bar wa ’yan Arewa tabo na musamman. Najeriya tana gaba da Girka 1-0, Sani Kaita ɗan Kano ya ɗaga ƙafa ya kai wa Torosidis shuri a bakin layi, aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, Girka ta ci biyu. Kaita ya fita yana rufe fuska da riga, bayan nan aka yi ta aika masa da barazanar kisa. Ya yi kuskure, ba mai musu. Amma a wasan da ya biyo baya da Koriya ta Kudu, Yakubu Aiyegbeni ya zubar da ƙwallo a gaban raga babu kowa a ciki, kuma da an ci wasan da an wuce. Shugaba Goodluck Jonathan ya fusata ya dakatar da ƙungiyar na shekara biyu, FIFA ta yi barazana, cikin ’yan kwanaki ya janye.

Keshi, sai Ahmed Musa

Ba wanda ya sa rai da kofin 2013. Najeriya ba ta ma je gasar 2012 ba, kuma Keshi ya tafi Afirka ta Kudu da ’yan wasan gida da dama waɗanda masu kallon Turai ba su san sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa mai Drogba da Yaya Toure, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar. Washegari labari ya fito cewa ya ajiye aiki saboda yadda hukumar ƙwallo ta riƙa yi masa, sai da aka lallashe shi.

A wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa, da aka ci Mali 4-1, ƙwallo ta huɗu ta wani siririn yaro ce haifaffen Jos wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Holan, daga can Mosko. Wannan yaro, Ahmed Musa, shi ne ya mayar wa gidajen kallo na Arewa da Super Eagles. A Kofin Duniya na Brazil a 2014, a wasa da Ajantina, Messi ya ci, minti guda bayan nan Musa ya farke. Messi ya sake ci, Musa ya sake farkewa. An sha kashi 3-2, amma ba wanda ya fita yana jin kunya. A wannan gasa ce ’yan wasa suka ƙaurace wa atisaye kan kuɗin alawus ana gab da wasa da Faransa, wadda ta fitar da su 2-0. A gasar ce kuma bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu, lamarin da ya sa iyaye a ko’ina cikin Arewa suka fara ɗar-ɗar da fitar yara kallon dare.

Ranar Juma’a 22 ga Yuni, 2018, mako guda bayan ƙaramar Sallah, da la’asar, Musa ya ci Aisilan biyu a Volgograd, a Kofin Duniya. Ta farkon, ya tare ƙwallon Victor Moses a sama da ƙafa ɗaya ya buga kafin ta natsu. Ta biyun, ya tsere wa ɗan baya, ya yanke mai tsaron raga, ya tsaya ya zaɓi inda zai sa. Da huɗun nan ya zama ɗan Najeriyar da ya fi kowa ci a Kofin Duniya. A tawagar akwai Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda ya riga ya samo tagulla a Olamfik ta 2016 tare da Sadiq Umar. (Tawagar 2016 ɗin nan ce ta maƙale a Atlanta don rashin jirgi, ta sauka Manaus sa’o’i kaɗan kafin wasa, ta kuma ci Japan 5-4.) Sai Ajantina ta sake tare hanya, Marcos Rojo ya ci saura minti huɗu. Sau biyar ƙasashen biyu suna haɗuwa a Kofin Duniya, sau biyar Ajantina tana ci, kowane karo da tazarar ƙwallo ɗaya.

Lokacin da kallo ya zama wahala

Zuwa wannan lokaci matsalar ’yan bindiga ta riga ta sauya rayuwar dare a yammacin Zamfara. Shekarar 2021 ta fi muni. A Fabrairu aka kwashe ’yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A farkon Satumba aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, sannan aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, a makon da Super Eagles suka fara wasannin neman gurbin Kofin Duniya na Qatar. Tauraron ɗan’adam ba ya bukatar layin waya, amma janareto yana bukatar mai, kuma mai gidan kallo a jarka yake sayen nasa. Mutane da yawa suka koma inda iyayensu suka fara, wato rediyo.

A fili ma ba a sami sauƙi ba. An sallami koci Gernot Rohr saura makonni a fara Kofin Afirka na Kamaru. A Garwa, inda Hausa da Fulatanci suka cika kasuwa, ’yan kallo suka ɗauki Najeriya tamkar ƙungiyar gida, ta ci wasanninta uku na rukuni har da Masar, sai Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya. A ƙarshen Maris na 2022 Ghana ta yi 1-1 a Abuja ta ƙwace gurbin Qatar, ’yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna. A Fabrairun 2024 aka kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, da Zaidu Sanusi ɗan Jega a baya ta hagu da Alhassan Yusuf ɗan Kano a tawaga. William Troost-Ekong ya ci da ka, Kessie da Haller suka juya wasan, Kwaddibuwa ta ɗauka 2-1. A Nuwamban 2025 kuma, a Rabat, ’yan wasa suka sake ƙaurace wa atisaye kan bashin alawus, kwanaki kaɗan bayan haka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da su a fenareti, Kofin Duniya na biyu a jere ya wuce ba Najeriya.

Kofin Afirka uku, zuwa Kofin Duniya shida, ba a taɓa wuce zagaye na biyu ba. Kamaru da Senegal da Ghana duk sun kai zagayen ’yan takwas, Maroko ta kai na ’yan huɗu. Ba ƙarancin ’yan wasa ne ya jawo ba, domin Victor Osimhen da Ademola Lookman sun zama gwarazan Afirka a 2023 da 2024, ɗaya bayan ɗaya. Kofin 1994 ya zo ne bayan an bar koci ya yi shekara biyar, na 2013 kuma bayan koci ya toshe kunne ya ɗauki waɗanda ya yarda da su. Sauran shekarun, yawanci ofis ne ya kayar da fili.

Akwai kuma tambayar da ta shafi yankin kai tsaye. In aka jera ’yan Arewa da suka yi suna a rigar ƙasa, garuruwan da ke fitowa su ne Kaduna da Kano da Jos, sai Sakkwato da Jega. Kowannensu ya bi ta wata ƙungiya da ke buga gasa a kai a kai, inda mai neman ’yan wasa zai iya ganin sa. Zamfara United ta taɓa buga babbar gasar ƙasa a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau, daga baya ta faɗo. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen firamare na Mafara da Bakura da Maradun ba su fi na Jega rashin ƙafa ba, hanyar fita ce ba su da ita. Abin lura kuma, ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Yarima daga Bakura, Abdul’aziz Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun, jimillar shekara ashirin a gidan gwamnati.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin gina babban filin wasa ba. Fili mai katanga a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, gasar makarantun sakandare da ba za ta tsaya ba in an sauya kwamishina, da ƙungiyar jiha da ke biyan albashi a kan lokaci. Wannan aiki ne na gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin uku, da ’yan siyasar yankin da ke sa kofi a unguwanni in zaɓe ya matso. Ya kamata su ci gaba da sa shi a shekarun da babu zaɓe.